Allon Minti-Biyu Mai Ganin Gobe

Duk layin nan babu wanda bai san Minti-Biyu ba, kuma babu wanda ya taɓa kai masa gyara sau biyu. Ka kai masa waya, minti biyu. Ka kai masa rediyo, minti biyu. Akwai matar da ta kai masa dutsen guga tana da tsohon ciki, 'yar da ta haifa ce ta je karɓowa da ƙafarta. Shi dai Injiniya yake kiran kansa, har kati ya buga, amma ko mai shara bai taɓa kiran sa da sunan ba.

Surukinsa, wanda kowa ke ce wa Baba, tsohon direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, yana da bene mai shaguna huɗu a ƙasa. Sai mai hayar shagon kan kwana ya tashi, shago mai ƙofar gilas, wanda ya fi kowanne kyau. Mutum biyu suka sa masa ido. Na farko Tela, wanda ya shekara tara yana ɗinki a ƙarƙashin matakala, duk wanda ya zo awo sai ya koma gida da ƙulu a goshi. Na biyu kuwa gogan naku, wanda har yanzu teburin cin abincin matarsa ne ofishinsa.

Baba yana da wani ɗan kirifto, kuɗin intanet ɗin nan, mai hoton bunsuru da ya saya tun da daɗewa. Kullum da safe sai ya ɗora tabarau a kan hanci, ya kanne ido ɗaya, yana leƙen farashinsa a waya. Nan Minti-Biyu ya ga ƙofa.

"Baba, wannan wahalar ta ƙare," in ji shi, yana shafa ƙirji. "Ka ba ni shagon nan in kafa maka allo ƙato, farashi yana zuba kai tsaye daga kasuwa. Cibiyar Kallon Kasuwa! Jama'a su zauna a kujera suna kallo, ni ina yi musu bayani."

Baba ya dube shi ta saman tabarau. "Ran Asabar ƙarfe goma zan zo. In abin da ke allonka ya yi daidai da abin da ke wayata, makulli naka ne. In bai yi ba, na Tela ne."

"Haba Baba, ai wannan minti..."

"Kwana biyar na ba ka."

Kada ku ga yana cika baki ku ɗauka abin bai dame shi ba. Shekara bakwai ke nan yana auren autar mutumin nan, kuma ba abin da yake so a duniya irin ya ji bakin Baba ya ce masa Injiniya, ko da sau ɗaya ne. Ya ƙudurta a ransa ran Asabar sai ya ji.

Aikin kansa ba wani tashin hankali ba ne. Kasuwar kirifto a intanet take, kuma akwai wani ƙunshin manhaja da masu harkar ke kira laburare, wanda aka riga aka haɗa don ɗauko farashi. Kai dai ka gaya masa wane kirifto kake so, kuma daga wane lokaci, shi kuma ya kawo maka kyandirori: kowane kyandir minti ɗaya ne na ciniki, kore in farashi ya hau, ja in ya sauka. Laburaren yana da takardar bayani shafi arba'in. Minti-Biyu ya buga ta tsaf, ya sa mata bango mai sheƙi don a gani, bai buɗe ko shafin farko ba.

Ran Litinin ya kinkimo talabijin ɗin falo, matarsa Auta tana "ina za ka da shi?" yana "ci gaba ne ya zo gidanku." Ya kafa shi a bangon shago, ya jona laftof, ya danna. Kyandirori suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kore da ja, gwanin sha'awa. Ya daka tsalle.

Mai Agogo, wani dattijo da akwatin gilas ɗinsa ke jikin ƙofar shagon, ya leƙo. Tela ma ya fito daga ƙarƙashin matakala da tef a wuya. Aka buɗe kasuwar a waya, aka kara da allo.

Tirƙashi! Allo ya ce bunsuru bai kai kuɗin ashana ba, waya ta ce ya fi kuɗin takalmi. Allo yana hawa, waya tana sauka.

"Injiniya," in ji Tela da muryar tsokana, "naka bunsurun ɗan akuya ne tukuna, ko?"

"Kai dai ka tsaya a kan zare da allura. Ɗan saiti ne. Minti biyu."

A can ƙasan allon akwai wasu ƙananan lambobi na kwanan wata, waɗanda ba su yi masa kama da na bana ba. Bai tsaya karantawa ba, ya ce ƙazanta ce kawai ke ɓata masa zane. Da Tela ya juya baya, sai ya zari wani siririn ƙyalle daga kan teburinsa, ya manna a kan lambobin da salatif. Allo ya yi fes.

Da yamma ya gano matsalar, a cewarsa. Kasuwar nan a wata ƙasa take, agogonsu ba namu ba ne. Ya tura agogon laftof gaba da awa biyu. Don kada shi kansa ya rikice, ya tura na bangon falo, ya tura na gefen gado, ya kwanta bai gaya wa kowa ba.

Auta a kantin magani take aiki. Washegari ta tashi a firgice, ta shirya a gurguje, ta suri takardar bayanin nan daga kan tebur don ta yi fifita a mota. Tana tafe tana mamakin yadda titi ya zama fayau. Ta iske kanti a garƙame, mai gadi ma bai naɗe tabarmarsa ba. Awa biyu cur ta yi a kan dakali. Ita kuwa irin mutanen nan ce da ke karanta 'yar takardar cikin kwalin magani har ƙarshe, don haka da zama ya ishe ta sai ta buɗe abin fifitar ta fara daga shafi na ɗaya.

A shago kuma kasuwa ta ƙi kula laftof ɗin gaba ɗaya, ta watso masa jan rubutu cewa agogonsa ba daidai yake ba. Dole ya mayar da shi yadda yake, Mai Agogo yana gefe yana girgiza kai. "Shekara talatin ina wannan sana'a," in ji dattijon, "ban taɓa ganin wanda ya yi wa agogo ƙarya ya zauna lafiya ba."

Da Auta ta dawo, sai da ta fara sauke masa kwandon masifa a kan agogo, sannan ta ajiye takardar a gabansa. "Maigida, ka duba shafi na sha ɗaya. Lokacin da kake ba laburaren nan, akwai sifili uku da..."

"Likita! Ki tsaya a kan maganin tari."

"Ka saurare ni mana. Sifili uku..."

"Sifili fa kika ce. Sifili ai ba komai ba ne. Uku kuwa ba komai sau uku ke nan. Kawo mini ruwa, kaina ya ɗau zafi."

Ta dube shi, ta dubi takardar, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ta sa abinta a jaka.

Ran Laraba ya zo da sabuwar dabara. Tunda farashinsa ya yi ƙanƙanta, ai sai a hura shi. Ya lalubo wata lamba, ya ce manhaja ta riƙa ninka farashi da ita. Ya gwada wannan, ya gwada waccan, can sai allo da waya suka faɗi abu ɗaya. Ya fito bakin ƙofa yana kururuwa: "Jama'a ku zo ku gani! An gama!"

Kafin Tela ya lalubo silifas ɗinsa ya ƙaraso, allo ya haye sama, waya ta gangara ƙasa. Minti-Biyu ya sake lamba, suka haɗu. Ya ɗago kai zai yi magana, suka rabu. Haka ya wuni yana murɗa lamba kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo, gumi har cikin kunne.

"Wai ni kam," in ji Tela, "ran Asabar ɗin a bayan allon za ka ɓuya kana murɗawa?"

Wajen la'asar wani tunani ya faɗo masa, har sai da ya tafa wa kansa. Tunda duk sanda waya ta sauka allo hawa yake, ashe a kife abin yake zuwa! Ya hau kujera, ya kwance talabijin, ya juya shi ƙasa a sama, ya ɗaure. Ai kuwa na ɗan lokaci tafiyar ta yi kama. Illa dai lambobi duk sun koma a kife. Mai Agogo ya karkata wuya zai karanta, wuyan ya riƙe, sai da aka nemo man zafi. Ana cikin murza masa, ƙusa ɗaya ta tsinke daga bango, talabijin ya sulmiyo. Minti-Biyu ya tare shi da ƙirji, kujera ta goce, ya zauna daɓas a ƙasa rungume da allo, siminti yana zubo masa a ka.

Tela ya yi dariya har da riƙe ciki. "Da ka bar allon yadda yake, ran Asabar sai mu taru mu kifa Baba."

Aka mayar da talabijin daidai, da sabuwar ƙusa da sabon rami a bangon surukinsa.

To, ga abin da gogan bai sani ba. Manhajarsa kyandir ɗari biyar take karɓowa a dunƙule, ta riƙa jera su ɗaya kowane minti. In sun ƙare ta koma ta tambayi laburare, shi kuma ya sake miƙo mata waɗancan ɗari biyar ɗin dai, ba ƙari ba ragi. Kwana uku yana zaune gaban abu ɗaya yana ta zagayowa, har ya haddace shi bai sani ba.

Ran Alhamis da hantsi yana zaune ya zabga tagumi, sai ya ji bakinsa ya ce, "Yanzu zai faɗi." Kyandir ja ya fito. Ya gyara zama. "Zai ƙara faɗuwa sau biyu, sannan ya yi wani dogon kore." Ja, ja, sai ga dogon kore. Ya miƙe tsaye a hankali, ya dafa bango.

"Allahu akbar," ya ce. "Ashe baiwa ce."

Nan take komai ya warware masa. Allonsa ba kuskure yake ba, gaba yake. Waya ce ke jan ƙafa a baya! Abin da allo ya nuna yau, shi kasuwa za ta yi gobe. Kafin azahar ya tara mai aski, da mai faci, da masu jiran mota, yana tsaye da sandar mofa yana nuni. Ya ce ja, ja ya fito. Ya ce kore, kore ya fito. Mai aski ya bar mutum da rabin kai ya zo kallo. Wata mata ta tambaya ko allon yana duba abin da ya ɓata, don an ɗauke mata tukunya. Ran Juma'a aka kafa sabon rubutu a saman ƙofa: CIBIYAR GANIN GOBE, INJINIYA NA CIKI.

Mai Agogo kaɗai bai tafa ba. Wuyansa a sanƙare, yana duban allo ta gefen ido, yana duban agogunansa, yana ɗan rubutu a bayan kwali. "Wannan tudun mai kai biyu," ya ce, "na gan shi jiya. Shekaranjiya ma na gan shi."

"Kasuwa ma tana da hali, Baba Mai Agogo. Sai mai ilmi ke gane ta."

Asabar ta zo. Minti-Biyu ya sa kwat a cikin zafin nan, ya jera kujerun haya, layi ya cika har bakin titi. Ƙarfe goma daidai Baba ya sauko daga bene, makulli a hannun dama, waya a hagu. Auta tana biye da shi da jakarta. Ya zauna, ya ɗora tabarau, ya dubi waya, ya dubi allo, ya sake duban waya.

"Ba su yi daidai ba."

"Ba za su yi ba, Baba!" in ji Minti-Biyu da fara'a. "Wayarka yau take nunawa. Allona gobe yake nunawa. Ka ce in kawo maka jaki, na kawo maka jirgi. Duba nan. Yanzu ja zai fito."

Ja ya fito. Jama'a suka ce "Kai!"

"Wani jan."

Ya fito.

"Yanzu kuma kore, dogo, har ya wuce wancan."

Da dogon koren nan ya miƙe, wurin ya kaure da tafi. Mai aski yana ihu yana "Na gaya muku!" Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dubi surukinsa wani irin kallo da bai taɓa yi masa ba. Hannun da ke riƙe da makulli ya fara ɗagowa, bakinsa ya buɗe. Minti-Biyu ya rantse harafin farko na Injiniya ya gani a leɓen tsohon.

"A gafarce ni, Baba," in ji Tela, yana kutsowa ta cikin mutane. "Kafin a rufe taro, zan ɗauki wuyan rigarka."

"Wuyan rigata?"

"Rigar da ka ba ni ɗinki. Ga wuyanta can manne a ƙasan allo. Tun Laraba na gan shi, na ce bari dai ya sha iska zuwa Asabar."

Kafin Minti-Biyu ya ce kanzil, Tela ya kama bakin ƙyallen ya ja, ƙiiii. Ƙananan lambobin nan suka bayyana. Baba ya matso da kujera, ya kanne ido ɗaya, ya karanta kwanan watan da ƙarfi, rana da wata da shekara. Wani daga baya ya ƙirga da yatsu ya ce, "Ai wannan shekara bakwai ke nan da suka wuce."

"Kuma duk awa takwas da minti ashirin yake komawa farko," in ji Mai Agogo, yana ɗaga kwalinsa. "Ga shi na rubuta. Ko agogona bai kai shi cika alkawari ba."

Dariyar da ta fashe a wurin har masu wucewa a mota sai da suka leƙo. Mai aski ya ce a biya shi rabin kan da ya bari. Matar tukunya ta ja tsaki ta yi gaba.

Baba bai yi dariya ba. "Na san watan nan," ya ce. "Shi ne watan da bunsuru ya fara shiga kasuwa. Kuma shi ne watan da ka karɓi fankar ɗakina ka ce minti biyu." Ya juya ya miƙa wa Tela makulli. Tela ya karɓa da hannu biyu, har da rusunawa.

Sannan Auta ta tako gaban laftof, ta ciro takardar nan mai bango mai sheƙi, ta buɗe shafi na sha ɗaya. "Maigida, matsa." Ya matsa, don ba shi da sauran ƙarfin gardama.

"Laburaren nan ba da daƙiƙa yake ƙirga lokaci ba," ta ce, tana dannawa. "Kowace daƙiƙa kashi dubu yake raba ta. Kai kuma ka ba shi lissafinka da daƙiƙa, lambar ta yi ƙanƙanta sau dubu. Sai ya ɗauka wani tsohon zamani kake tambaya, tun ba a haifi kasuwar ba, ya kawo maka mafi tsufan abin da ke akwai. Mu a kanti, wanda ya rikita giram da miligiram ai sai dai a yi wa iyalan mara lafiya gaisuwa."

Ta goge lambar ninkin da ya cusa, ta ƙara sifili uku a inda ya kamata, ta danna. Allo ya ɗauke, ya dawo. Baba ya ɗaga waya ya kara. Lamba ɗaya, tudu ɗaya, rami ɗaya. Kyandir ja ya fito a waya, ja ya fito a bango.

"Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin," in ji Mai Agogo, yana duban hannunsa.

Minti-Biyu ya farfaɗo. "Baba, ka gani ko! Ya yi daidai! Ai dama abin da nake shirin..."

"Ƙarfe goma na ce, yanzu sha ɗaya saura." Baba ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya dubi 'yarsa, fuskarsa ta washe. "Sannu da aiki, Injiniya. In kin samu sarari ki hau sama ki duba mini wata fanka, in mijinki ya dawo da ita."

Kalmar da ya shekara bakwai yana jira ta fito daga bakin da yake so, a gaban duk layi, ta wuce ta gefen kunnensa ta sauka a kan matarsa. Wallahi ya ji ta har cikin ƙashi. Ya tsaya da kwat ɗinsa da sandar mofa, mutane suna naɗe kujeru ta gefensa.

Tela ya riga ya shigo da keken ɗinki, yana auna bango da tef. Ya dubi talabijin, ya dubi ramukan ƙusa, ya dubi gogan.

"To, maƙwabci, nan zan rataye madubi. Sauke mini wannan abin zai ɗauki minti nawa?"

Minti-Biyu ya buɗe baki. Mai Agogo ya ɗaga hannu ya saita agogo. Auta ta naɗe hannu tana kallon sa. Ya haɗiye "minti biyun" da ya taso masa, ya dubi ƙarfen da ke riƙe da talabijin ɗin, ya sosa ƙeya.

"Likita," ya ce a hankali, "wannan ƙarfen, da takarda ya zo?"